Waƙa Ta Riga Aƙida: Yadda Aka Mayar da Annabi Isa (AS) Abin Bauta

  

A shekarar 2025 miladiyya majami'un Kirista na gabas da na yamma suka yi bikin cika shekara 1700 da taron Nikiya, wato taron manyan limaman coci da aka yi a shekarar 325 a wani gari da yake cikin ƙasar Turkiyya ta yau, wanda a cikinsa ne aka rubuta, aka kuma sa hannu, cewa Isa ɗan Maryam (AS) Allah ne, zatinsa ɗaya da na Mahaliccin sammai da ƙassai. Allah Ya ɗaukaka daga wannan magana. Yawancin 'yan'uwa ko labarin bikin ba su ji ba. Amma wannan takarda, tare da ƙarin da aka yi mata daga baya, ita ce ake karantawa ran Lahadi a majami'u masu yawa na ƙasar nan, wasu ma da harshen Hausa tsantsa. Kuma 'ya'yanta ne suke tarar ɗalibinmu a ɗakin kwanan jami'a, da majinyacinmu a kan gadon asibitin mishan, su tambaye shi cikin murmushi da ladabi ko ya karɓi Yesu a matsayin Mai Cetonsa. Abin takaici, da yawa daga cikin matasanmu amsa biyu kawai suke da ita a irin wannan wuri: ko su yi shiru don ba su da abin faɗa, ko su fusata, wanda shi ma rashin abin faɗa ne ya sa riga.

Kafin mu shiga zancen, sai mun kwantar da wata ƙura da wasu masu wa'azi daga cikinmu suke tayarwa. Sau da yawa za ka ji ana cewa sarkin Rumawa Kustantin shi ne ya ƙago Allantakar Isa a taron Nikiya, kafin nan babu wanda ya san ta, kuma wai a wurin ne aka zaɓi Linjila huɗu aka ƙone sauran. Wannan magana ba ta tabbata ba, kuma ɗalibin ajin farko a kwalejin horar da fastoci ta Bukuru zai rushe ta cikin minti biyar, ya bar mai wa'azinmu tsaye da kunya a gaban jama'a. Haka nan littafin nan da ake sayarwa a bakin masallatai da sunan Linjilar Barnaba: rubutattun kofensa da aka sani da Italiyanci da Sifaniyanci suke, an rubuta su fiye da shekara 1500 bayan Annabi Isa, kuma a cikinsa an sa Isa yana musun cewa shi ne Almasihu, alhali Alƙur'ani da kansa ya kira shi da wannan suna. Wanda yake riƙe da gaskiya ba ya bukatar aron ƙarya don ya tokare ta.

Abin da tarihi ya nuna ya fi wannan ban tsoro, kuma ya fi shafar mu. Kusan shekarar 112, wato fiye da shekara 200 kafin taron Nikiya, wani gwamnan Rumawa mai suna Filini, wanda yake mulkin yankin Bitiniya, ya rubuta wa sarki Tarajan wasiƙa yana neman shawarar yadda zai yi da Kiristocin da ake kawo masa ƙara. A ciki ya bayyana abin da bincikensa ya gano: suna taruwa a wata rana sananniya kafin fitowar alfijir, su rera wa Almasihu waƙa irin wadda ake rera wa abin bauta, sannan su yi wa juna alkawarin ba za su yi sata ba, ba za su yi zina ba, ba za su ci amana ba. Ya ɗan'uwa mai karatu, tsaya ka dubi wannan hoto da kyau. Mutane ne masu son kirki, masu tashi da asuba, waɗanda ake yi wa barazanar kisa saboda addininsu. Babu sarki a bayansu, babu majalisa, babu wata aƙida rubutacciya da aka yi ittifaƙi a kanta. Abin da ke bakinsu waƙa ce. Ƙauna ce ta haifi yabo, yabo ya yi ta hauhawa don kowane mawaƙi yana son ya zarce na gabansa, daga yabo aka koma kiran sunansa a lokacin tsanani, har aka wayi gari jama'a suna yi wa bawa abin da ba a yi wa kowa sai Ubangiji. Sai bayan nan ne malamansu suka zauna neman hujjar da za ta halatta abin da talakawa suka riga suka saba. Aiki ne ya ja aƙida a baya kamar yadda akan ja akuya zuwa kasuwa.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga wanda ya karanta tafsirin Suratu Nuhu. Imam Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas (RA) cewa Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru sunayen salihan mutane ne, waɗanda bayan mutuwarsu aka kafa musu alamomi a majalisunsu don tunawa, ba a bauta musu ba sai da wancan ƙarni ya shuɗe, ilimi ya gushe.

To da malaman suka zauna, me suka samu? Rigima suka samu wadda ta ci ƙarni da ƙarnoni. Wani limami a birnin Iskandariyya ta Masar mai suna Ariyus ya yi tambayar da duk mai hankali zai yi: in dai an haifi Ɗan, ashe akwai lokacin da babu shi, wanda kuwa aka taɓa rasa shi ba zai zama daidai da Wanda ba Shi da farko ba. Kada a ɗauka Ariyus mai Tauhidi ne irin namu, domin shi ma ya ɗora Isa a matsayin halitta ta farko wadda ta hannunta aka yi duniya, wannan kuwa guluwwi ne babba. Amma tambayarsa ta raba majami'u biyu, har Kustantin, wanda a lokacin ko baftisma ba a yi masa ba, ya ji tsoron kada daularsa ta tsage, ya tara limamai wajen 300 a Nikiya. Kalmar da aka yanke hukunci da ita ta Girkanci ce, homo'usiyos, ma'anarta zati ɗaya, kuma babu ita ko sau ɗaya a cikin Linjila huɗun da suke hannunsu. Limamai biyu da suka ƙi sa hannu aka kore su daga ƙasa tare da Ariyus.

Da a ce gaskiya ce bayyananna aka tabbatar, da magana ta mutu a nan. Sai ga shi shi kansa Kustantin, da mutuwa ta zo masa a shekarar 337, limami mai goyon bayan Ariyus ne ya yi masa baftisma. Ɗansa Kustantiyus ya karkata ga wancan ɓangare. Atanasiyus, babban mai kare matsayar Nikiya, sau biyar ana korar sa daga kujerarsa ta Iskandariyya. Sai a shekarar 380 sarki Tiyodosiyus ya mayar da aƙidar doka, a 381 taron Kustantiniyya ya cika na ukun, wato Ruhu Mai Tsarki. A 431 aka taru a Afisa kan ko za a kira Maryam uwar Allah, aka ce a kira ta. A 451 aka sake taruwa a Kalsidon kan ko ɗabi'a ɗaya gare shi ko biyu, aka ce biyu, Kibɗawan Masar da wasu majami'un gabas suka ce ba su yarda ba, Habashawa suka bi sahunsu, kuma har yau majami'unsu a ware suke. Mu dai tambayarmu ɗaya ce: Hawariyawa da suka ci abinci da shi, suka yi tafiya da shi a ƙafa, sun san wannan lissafi na zati ɗaya da ɗabi'a biyu? In sun sani, ina suka faɗa? In ba su sani ba, ta yaya tsira za ta rataya a kan abin da Bitrus ya mutu bai ji ba?

Ba mu yarda cewa littattafan da ke hannun Kirista a yau su ne Linjilar da aka saukar wa Annabi Isa ba. Duk da haka hasken Tauhidi yana leƙowa daga cikinsu ta ko'ina. A Linjilar Markus sura ta 12 an tambaye shi wace doka ce mafi girma, sai ya fara da kaɗaita Allah, kamar yadda Annabi Musa (AS) ya koyar. A sura ta 10 wani ya kira shi managarci, ya mayar da nagarta ga Allah Shi kaɗai. A sura ta 13 ya ce lokacin tashin Sa'a ba a wurinsa saninsa yake ba. A Matiyu sura ta 26 an nuna shi ya kifa fuskarsa a ƙasa yana roƙo, yana miƙa wuya ga nufin Wanda yake roƙa. Wa yake yi wa sujada in shi ne abin yi wa sujada? Ko a Linjilar Yahaya, wadda masu binciken Kirista da kansu suka ce ita ce ta ƙarshe da aka rubuta, wajen shekara 60 bayansa, kuma ita ce suka fi dogara da ita, a sura ta 17 ya siffanta Wanda ya aiko shi da cewa Shi kaɗai ne Allah na gaskiya, a sura ta 20 kuma ya kira Shi Allahnsa kamar yadda yake Allahn almajiransa.

Mun san amsarsu, kuma adalci ne a kawo ta. Za su ce duk wannan ɗabi'arsa ta mutuntaka ce take magana, sannan su kawo inda ya ce shi da Uba ɗaya ne, da inda aka kira shi Ɗan Allah. To amma a cikin wannan Linjila ta Yahaya ya roƙa wa almajiransa su ma su zama ɗaya irin wannan zama ɗaya, ba a kuwa ce su goma sha biyun sun shiga cikin Allantaka ba. Laƙabin ɗan Allah kuma, a harshen Bani Isra'ila, an ba Adamu shi a Luka sura ta 3, an ba jama'ar Isra'ila dukkanta a littafin Fitowa, an yi alkawarinsa ga masu sulhunta mutane a Matiyu sura ta 5. Kalma ce ta kusanci a bakin Yahudawa, da ta faɗa kunnen Girkawa da Rumawa, waɗanda suka saba da gumaka masu aure da haihuwa, sai ta canza kama. Aya guda kuwa da ta ambaci ukun a jere ta ce ɗaya ne, a wasiƙar Yahaya ta fari sura ta 5, babu ita a tsofaffin kofen Girkanci, shi ya sa yawancin fassarorin zamani suka fitar da ita daga nassi. Su suka cire, ba mu ba. Batun ɗabi'a biyu kuma, mabuɗi ne da aka ƙera a shekarar 451 don ƙofar da aka riga aka gina a karkace.

Alƙur'ani bai bi wannan doguwar hanya ba. Lokacin da tawagar Kiristocin Najran ta zo Madina ta kafa hujja da cewa Isa ba shi da uba, amsar da ta sauka a Ali Imrana aya ta 59 ita ce a dubi Adamu, wanda ba uwa ba uba. A Ma'ida aya ta 75 kuma aka tunatar da cewa shi da mahaifiyarsa suna cin abinci. Hujja ce da tsohuwa mai tallan daddawa za ta gane: mai cin abinci mabuƙaci ne, mabuƙaci kuwa ba ya zama Ubangiji. Zancen Mai Ceto ma haka. An gina shi a kan cewa laifin Adamu gado ne da kowane jariri yake zuwa da shi, ba ya kankaruwa sai da jinin wanda ba shi da laifi. Mu kuwa an sanar da mu cewa Adamu ya tuba an karɓi tubarsa, kuma babu rai da ke ɗaukar kayan wani, abin da littafin Ezekiyel sura ta 18 da ke hannunsu shi ma ya tabbatar. Ko alƙalin ƙauye ya ɗaure ɗa saboda satar kakansa, sai an kai ƙararsa gaba.

Yanzu sai mu zo ga girmamawar da suke yi masa a rayuwar yau da kullum, kuma a nan dole mu faɗi abin da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Maƙwabcinmu Kirista yakan tara iyalinsa da sassafe su yi addu'a kafin kowa ya fita. Sunan Yesu yana jikin motarsa da ƙofar shagonsa. Yana fitar da ushirin albashinsa duk wata ya kai majami'a. 'Yan zumuntar mata suna zagaya marasa lafiya da masu zaman makoki. Saboda wannan suna ne mutane suka baro Ingila da Kanada da Amurka suka zo suka zauna cikin kutare, suka gina asibiti irin na Galmi a Jamhuriyar Nijar a shekarar 1950, kuma Likita Mila da abokan aikinsa suka ɓata shekaru har suka fitar da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932. Sai bayan fiye da shekara 40 ne tarjamar Alƙur'ani ta Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ta fito. Wanda ya ce babu himma a nan ya yi ƙarya. Mu da muke kan gaskiya, attajiranmu nawa ne suke ƙididdige zakkarsu ta kashi biyu da rabi cikin ɗari, balle ushiri?

Sai dai himma daban, dacewa daban. Girmama Annabi shi ne a yi abin da ya yi. Littattafansu sun ce an yi wa Isa kaciya a rana ta takwas, ya yi azumin kwana 40, ya umarci almajiransa su yi sallama in sun shiga gida, ya ce bai zo don rushe Attaura ba, wadda ta haramta naman alade. Waɗannan duka a gidan wa aka fi samun su yau? Kiristocin ƙasar Hausa suna kiran taron ibadarsu sujada, amma in ka cire irin su Kibɗawa da Habashawa da suka riƙe wani abu na tsohuwar al'ada, wanda yake sa goshinsa a ƙasa kullum kamar yadda aka siffanta Isa yana yi, Musulmi ne. Hutun Lahadi dokar Kustantin ce ta shekarar 321. Bikin 25 ga Disamba kuwa, farkon ambatonsa da aka samu a rubuce na birnin Rum ne a 336. Musulmi ba ya ambaton Isa sai ya yi masa addu'ar aminci, imaninsa ba ya inganta sai da shi, littafinsa ya ambaci sunan Isa sau 25, kuma Maryam ce kaɗai macen da aka kira da sunanta a cikinsa. Da ayoyin surarta ne Ja'afar ɗan Abu Ɗalib (RA) ya sa Najjashi da limamansa kuka.

Amma laifi tudu ne. Bukhari ya ruwaito daga Umar (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya hana a zuzuta shi irin zuzutawar da Nasara suka yi wa ɗan Maryam, ya umarta a tsaya a kan cewa shi bawa ne kuma Manzo. Ba ya hana abin da ba zai yiwu ya auku ba. Duk wanda yake shiga motar haya ko yake buɗe wayarsa ya san irin waƙoƙin begen da suke yawo a yau, waɗanda a cikin wasunsu ake ba Annabi (SAW), ko ma wani shehi, sanin gaibu da jujjuya al'amura da gafarta zunubi. Ya san waɗanda in mota ta ƙwace musu sunan shehinsu ne yake riga sunan Allah fitowa daga bakinsu. Ya san hotunan da ake ratayawa a wuya da gaban mota don neman tsari, da ƙasar kabari da ake jiƙawa a sha. In ka yi magana sai a ce maka ƙauna ce, kai ne ba ka son Annabi. Mutanen Bitiniya ma ƙauna ce ta tashe su kafin alfijir. Bambancinmu da su shi ne namu Littafin a tsare yake, kuma har yanzu babu majalisar da ta zauna ta mayar da waƙar aƙida, ko da yake an fara jin masu neman yi mata hujja da sunan haƙiƙa. Gemun ɗan'uwa ya riga ya ƙone ƙurmus, mu kuma muna tsaye da ruwa a hannu muna yi masa dariya.

Ƙasar nan ma ta taɓa ganin irin wannan. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi wani malami mai suna Malam Ibrahim ya zurfafa a kan sha'anin Annabi Isa har ya fifita shi, ya tara mabiya da aka riƙa kira Isawa. Aka kashe shi a kasuwar Kano, mabiyansa suka watse zuwa wajen Ningi. Kisan bai kashe ra'ayin ba. A shekarar 1913 wasu daga zuriyarsu suka iske Likita Mila a Zariya, aka kafa musu zango a Gimi, aka yi musu baftisma, kuma daga cikinsu ne aka samu wani sashe na Kiristocin Hausawan farko da suka zauna a Wusasa. Abin da ya fara da wuce iyaka cikin son Annabi ya ƙare a cikin majami'a, kuma takobi bai tare shi ba, domin shubuha ba ta jin kaifi.

Wannan ne ya sa muke nesanta kanmu da masu ganin amsar mai bishara ita ce ashana da fetur. Me rikicin Kafanchan na watan Maris 1987 ya ƙara wa Tauhidi? Rikicin Kano na Oktoba 1991 fa, Kirista nawa ya fahimtar cewa Isa bawa ne? Gawawwaki aka kwasa ta kowane ɓangare, unguwanni suka rabu, mai son ya tambaye mu ya koma jin tsoronmu. Suratul Ankabut aya ta 46 ta iyakance mana yadda ake jayayya da Ma'abota Littafi, An'am aya ta 108 ta hana zagin abin bautar wani, Mumtahana aya ta 8 ta buɗe ƙofar kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙe mu ba. Magabata da alƙalami suka yi wannan aiki. Ibn Taimiyya ya rubuta Al-Jawabus Sahih don amsa wasiƙar da ta zo daga Kiristocin Ƙubrus. Sheikh Rahmatullahi Al-Hindi ya zauna muƙabala da ɗan mishan Fanda a birnin Agra a 1854, bayan ya karanci littattafansu ciki da bai, daga baya ya rubuta Izharul Haƙƙ.

Saboda haka muna kira ga kwamitocin wa'azi da shugabannin makarantun Islamiyya na rassa da su sanya karatun Suratu Maryam da farkon Ali Imrana da ƙarshen Ma'ida, da fassara da sharhi, cikin darasin 'yan aji na sama, musamman waɗanda suke shirin tafiya makarantun kwana da jami'o'i da bautar ƙasa. Kada kuma a ba kowa lasifika ya taɓa wannan babi sai wanda ya karanta abin da zai yi raddi a kansa daga tushensa. A fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda, za mu ɗauki mas'alar gicciye, mu gwada ruwayoyin Linjila huɗu da junansu, sannan mu ɗora su a kan Suratun Nisa'i aya ta 157.